Yadda Kyaftin Ya Ɗaga Filin Jirgin Surukinsa Sama

Ƙanena bai taɓa shiga jirgin sama ba. Na fara da wannan ne don kada ku ruɗe idan kuka ji shi yana bayani a bakin shagonsa. Fanka da ƙwan fitila yake sayarwa, amma duk layinmu Kyaftin ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Hujjarsa ita ce wata manhaja ta koyon tuƙin jirgi da ya sa a kwamfutarsa shekara tara da suka wuce. Ya ware lungu guda a falonsa, ya kafa kujerar wata tsohuwar mota, ya sayi sandar tuƙi, ya ajiye ƙaramar fanka a gabansa don iska ta riƙa bugun fuskarsa. Na ce masa ai matuƙa jirgi ba sa buɗe taga. Ya ce, "Yaya, ke me kika sani a harkar sama?"

Ni na goya shi, saboda haka na san shi ciki da waje. Yana ɗan shekara goma ya kwance rediyon mahaifinmu don ya ƙara masa murya, har yau rediyon bai sake cewa uffan ba. Ba mugu ba ne, kuma ina ƙaunarsa. Matsalarsa ɗaya ce: in ka nuna masa hanya mai sauƙi, sai ya ce ta ragwaye ce.

Surukinsa kuwa mutumin kirki ne mai ƙarancin magana, ana ce masa Baba Mai Tuta. Shekara talatin da biyu ya yi yana aiki a wani ƙaramin filin jirgi da ke gefen gari, shi ne mai tsayawa gaban jirgi yana ɗaga masa hannu har ya tsaya inda ya kamata. An rufe filin tun tuni, an rushe shi, an gina rukunin gidaje da wani katafaren kanti a wurin. Yanzu ciwon ido ya kama Baba. 'Yarsa, wato matar ƙanena, ma'aikaciyar jinya ce da muke kira Nas, ita ta gaya mini cewa likita ya ce ɗan ganin da ya rage masa ba zai daɗe ba.

Wata Litinin ina gidan ƙanena sai Baba ya zo da wani faifai a naɗe cikin hankici. Ɗan wani tsohon abokin aikinsa ne ya ba shi. Ashe shekarun baya wani mai sha'awar jirage ya zauna ya zana filin nan kaf a kwamfuta, da hasumiyarsa da rumfar 'yan kwana-kwana da komai, yadda in an ƙara shi a manhajar tuƙin jirgi sai ya bayyana kamar ba a taɓa rushe shi ba.

Baba ya miƙa wa ƙanena faifan da hannu biyu. "Ni ba na neman komai, ɗana. In dai zan ga hasumiyar nan sau ɗaya kafin idon ya gama tafiya, shi ke nan."

Aka kira maƙwabcinsu na ƙasan bene, mai gyaran kwamfuta, wanda kowa yake kira Injiniya. Ya juya faifan ya karanta bayansa.

"Ai wannan don tsohuwar manhajar da ke kwamfutarka aka yi shi. Minti goma mun gama. Baba ya zauna ya kalla yau ɗin nan."

Da a nan aka tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma sai na ga ƙanena ya gyara tsayuwa ya soka hannu a aljihu.

"Yau? A wannan tsohuwar da itatuwanta suke kamar an yanka kwali? Surukina guda? Haba Injiniya. An fitar da sabuwa, wadda ake ganin ciyawa ɗaya-ɗaya, har inuwar gajimare tana tafiya a ƙasa. A cikinta zan ɗauko Baba daga sama in sauke shi a filinsa kamar an ajiye ƙwai a kan auduga."

"Kyaftin, tsohon kaya ba ya shiga sabuwar haka kawai. Sai an juya shi, an bi matakai."

"Matakai na masu koyo ne."

Nas ta ce, "Maigida, ka bari Baba ya gani yau, in ya so ranar Asabar ka yi bajintarka."

"Abin da ido ya gani yau ba ya ba da mamaki ranar Asabar," in ji shi. Ya juya wajen surukinsa. "Baba, ka gayyato abokan aikinka. Asabar, ƙarfe huɗu. Zan aro majigi mu haska a bango."

Baba ya dubi faifan, ya dubi 'yarsa, ya ce to. Kafin ya kai bakin titi ƙanena ya goge tsohuwar manhajar don a sami wurin sabuwa. Injiniya ya tambaye shi ina faifan tsohuwar, ko da za a buƙaci komawa. Aka nemo shi a kan tebur, inda ya shekara biyar ana ɗora masa kofin shayi mai zafi. Injiniya ya ɗaga shi a haske, ya mayar ya ajiye.

Ranar Talata da rana ƙanena ya aiko a kira ni in zo in zama shaida. Na tarar ya buɗe faifan Baba, ya kwashe duk fayilolin da ke ciki ya juye su a tsakiyar manhajar, ba a jakar da aka ware don ƙarin kaya ba. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata yana so sababbin fayiloli su danne waɗanda ke wurin. Ta tambaya sau uku.

"Ki ji ta," ya ce, "kamar Injiniya." Ya danna e ga duka.

Da aka kunna, sai ga sararin samaniya tangararan, ga kujerar matuƙi, ga tayoyi uku suna lilo a ƙasa. Jirgin kansa babu shi.

Na ce, "Ina fuka-fukan?"

"Suna zuwa. Manhajar tana da nauyi."

Muka jira. Nas ta haɗa shayi, muka sha, ta wanke kofuna. Fuka-fukai ba su zo ba. Da ya leƙa ƙasa, sai ya ga teku ta koma ruwan kwalta, da farin layi a tsakiyarta har iyakar gani.

"Wannan gyara ne aka yi," ya ce. "Yanzu ko'ina mutum zai iya sauka."

Yini guda aka yi ana sake sa manhajar daga farko. Ya gaya wa masu zuwa sayen ƙwan fitila cewa gwajin farko ya yi nasara, saura ƙananan abubuwa.

Ranar Alhamis Injiniya ya hau bene da kansa, don Nas ta je ta roƙe shi. Ya nuna wa ƙanena wani ɗan fayil a cikin faifan.

"Ka ga wannan? Bayanin mai zanen ne. Layi goma sha biyu kacal. Ka karanta?"

"Wanda ya rubuta shi ya taɓa sauke jirgi a cikin hadari da inji ɗaya?"

"Kai ka taɓa?"

"Sau goma sha ɗaya."

"A falo."

"Hadari hadari ne, Injiniya."

Duk da haka ya yarda a sa kayan a jakar da ta dace. A wannan karon filin ya fito. Na gan shi da idona, har na tuna lokacin da ake kai mu muna yara mu leƙa ta waya. Sai dai sabuwar manhajar ta san garin yadda yake a yau, saboda haka ba ta janye nata ginin ba. Katafaren kantin nan yana zaune daram a tsakiyar titin jirgi, gidaje sun yi layi a inda jirage suke tsayawa, wata bishiya ta tsiro ta cikin rufin hasumiya.

Injiniya ya ce, "Sai an gaya mata ta share nata gine-ginen daga wannan yanki. Bari in yi maka."

"Kada ka taɓa. So kake ranar Asabar a ce Injiniya ne ya yi?"

"Ni ko sunana kada a ambata."

"Haka kuke cewa."

Injiniya ya dube ni, na dube shi. Ya sauka bene yana girgiza kai. Ƙanena ya shiga share gine-gine da kansa, ya share gidaje ya haɗa da duk launin da ke jikin ginin filin bai sani ba, kantin kuwa ya ƙi motsi. Da ya sake kunnawa ranar Juma'a, sai ga filin ya nutse cikin wani rami mai zurfi, kan hasumiya kawai ake hangowa. Tsohuwar manhaja da sabuwa ba su yarda da juna ba a kan tudun ƙasar wurin.

Nas ta tsaya a bayansa da hannu a ƙugu. "Maigida, gobe ne fa. Baba ya sa an goge masa tsohuwar rigarsa ta aiki. Tun shekaranjiya yake tambayata ƙarfe nawa."

"To me? Rami ne kawai. Abin da ya faɗa rami ai ɗago shi ake yi."

Ya tono wani fayil, ya sami inda aka rubuta tsayin filin daga teku: dubu ɗaya da ɗari biyar. Ya kwafe lambar ya zuba a gurbin da sabuwar manhaja take tambaya, ya rufe kwamfuta, ya kaɗe hannu.

Na ce, "Ba za ka gwada ba?"

"Yaya, wanda bai yarda da aikinsa ba shi ke gwaji."

Safiyar Asabar ya ɓata ta wajen neman farar riga da ɗinka mata igiyoyin labule masu ruwan zinare a kafaɗa.

Ƙarfe huɗu falo ya cika. Baba yana gaba a cikin rigarsa ta aiki da ta yi masa yawa yanzu, abokansa biyu a gefensa: wani tsohon ɗan kwana-kwana mai ƙatuwar murya, da wani siririn dattijo da ya yi aikin duba yanayi, wanda har yau ba ya shiga ɗaki sai ya fara leƙa sama. Maƙwabta sun jeru a bango. Injiniya ya raɓe a bakin ƙofa kamar mai shirin gudu. Aka ja labule, majigi ya haska bango.

Ƙanena ya zauna a kujerar motarsa, ya kunna fanka, ya yi gyaran murya. "Jama'a, Kyaftin ɗinku ke magana. Muna tafe cikin kwanciyar hankali. Nan da minti biyar za mu sauka. A ɗaura ɗamara."

Gaskiya sabuwar manhajar tana da kyau. Gajimare na wucewa, gari ya shimfiɗu a ƙasa, har maƙwabta suka fara neman rufin gidajensu. Na saci kallon Baba. Ya turo wuya gaba yana ƙifta ido, na gane duk kyan nan shi hazo kawai yake gani. Raina ya ɓaci, na ji da ƙanena yana kusa da na ja masa kunne.

Mai duba yanayi ne ya fara magana. "Wancan dutsen fa? Ba mu da dutse a nan."

A gaban jirgin wani abu ya tokare sama, gefensa a miƙe sak kamar an yanka da wuƙa, samansa a baje.

"Gajimare ne," in ji ƙanena.

"Shekara talatin ina kallon gajimare, ban taɓa ganin mai kusurwa huɗu ba."

Daga bakin ƙofa Injiniya ya tambaya a hankali, "Kyaftin, lambar tsayin nan da ka sa, ka juya ta? Tsohuwar da ƙafa take awo, sabuwar da mita."

"Lamba lamba ce."

"To ka ɗaga filin sama da kilomita guda daga inda yake."

Ɗan kwana-kwana ya bugi cinya. "Wato filinmu ne a saman can? Mu da muke zuwa aiki da keke?"

Aka kwashe da dariya. Ƙanena ya ce a kwantar da hankali, an tsara haka ne don a rage wa jirage wahalar sauka. Ya ja sanda don ya haye saman. Bai ja da wuri ba. Jirgin ya tafi kai tsaye ya rungumi gefen tudun, bango ya yi baƙi.

"Wannan gwajin birki ne," ya ce, gumi yana keto masa duk da fankar.

Karo na biyu ya hau da yawa, ya wuce filin gaba ɗaya, muka ga wani abu ja ya gifta ta ƙasa. Ɗan kwana-kwana ya ɗaga hannu yana cewa a sauka lafiya, a gaishe da na gaba. Wata maƙwabciya ta tambaya ko haka ake yi a jirgin gaske, don ita tana da tafiya wata mai zuwa. Mai duba yanayi ya ce mata ta hau mota.

Karo na uku ya sami titin. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, ya sake taɓawa, ya sake tsalle. Ƙanena ya buɗe baki zai yi sanarwar sauka, sai ga kantin nan a tsakiyar titi.

"Kauce," in ji Nas.

"Jirgi ba ya kaucewa, kanti ne zai..."

Muka shiga ta ƙofar gaba. Jirgin ya fito ta baya babu fiffike ɗaya, ya yi juyi biyu, ya ja ciki a kan ciyawa, ya tsaya a karkace. Ƙanena ya zabura zai tashi, ƙafarsa ta harɗe wayar fanka, fanka ta kifo masa a cinya ta kama igiyar labulen kafaɗarsa ta fara naɗewa. Sai da Injiniya ya zare soket aka ƙwace shi. Ɗan kwana-kwana yana dariya har da hawaye, yana cewa shekara nawa yana jiran aiki a filin nan bai samu ba sai yau da ya yi ritaya.

Ƙanena ya miƙe da kafaɗa ɗaya a yage.  Ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai, ya kai hannu zai kashe majigi.

"Tsaya."

Baba ne. Bai ko ɗaga murya ba. Ya tashi yana dafa kafaɗar 'yarsa, ya taka zuwa bango.

Inda jirgin ya tsaya, hancinsa yana kallon gine-ginen filin. Da yake ƙanena ya share musu launi, manhajar ta shafe su da wani ja mai ƙyalli, mai kashe ido, irin wanda take sawa in ta rasa abin da za ta sa. Ga shi kuma filin yana can sama, babu gida babu bishiya a bayansa, sai farin sarari. Mu muna ganin muni. Baba kuwa, wanda ya yi wata shida ba ya iya bambance fuskar jikokinsa, ya ɗora yatsa daidai kan ginin.

"Ga hasumiya," ya ce. "Ga matakalarta ta baya. Tana da hawa ashirin da bakwai." Yatsan ya matsa. "Ga rumfarku, mutumina. Ga ƙofar da ba ta rufuwa."

Ɗan kwana-kwana ya daina dariya. Ya taso ya tsaya kusa da shi.

"Nan nake tsayawa," in ji Baba, ya nuna wani wuri a fili inda babu komai. "Nan ɗin nan. Rana tana bayana da safe."

Nas ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ni ma na ji hawaye, ban kuma ɓoye ba. Dattawan uku suka tsaya a gaban bango suna nune-nune, suna gardamar inda tankin ruwa yake, kamar babu kowa a ɗakin.

Ba a yi minti biyar ba na ji ƙanena ya yi gyaran murya a bayana. Kunyarsa ba ta da dogon kwana.

"Kun gani ko? Da ma na lura idon Baba ya fi kama ja. Shi ya sa na cire launin. Tsayin kuma don haske ne. Injiniya ba zai gane irin wannan lissafin ba." Ya matsa wajen kwamfuta yana naɗe hannun riga. "Baba, wannan somin-taɓi ne. Bari in ɗan gyara, in cire kantin, in daidaita jirgin, in..."

Baba ya juyo. Bai ga fuskar ƙanena sosai ba, amma ya san inda muryar take.

"Ɗana, na gode. Allah ya yi maka albarka. Amma ka saurare ni. Shekara talatin da biyu na yi a filin nan, ko taya ba ta taɓa fashewa a gabana ba. Kai a rabin awa ka kashe jirgi biyu. In ka sake taɓa wani abu a kwamfutar nan, da 'yata zan tafi."

Nas ta ce, "Ni ma zan bi shi."

A take Injiniya ya adana komai yadda yake, ya sa kalmar sirri, ya raɗa wa Nas a kunne. Ita kuma ta cire sandar tuƙi ta kulle a durowarta.

Yau wata huɗu ke nan ƙanena bai tashi sama ba. Kwamfutar tana buɗewa ne a wuri ɗaya, jirgi a karkace, hasumiya ja. Duk Asabar ƙarfe huɗu Baba yana zuwa da abokansa, a ja labule, su zauna. Kowane mako kujerarsa tana ƙara matsawa kusa da bango, yanzu har gwiwarsa tana taɓawa. Ƙanena shi ke kawo musu shayi, ya koma gefe ya tsaya.

Shekaranjiya na bi ta shagonsa, na ji wani mai sayen fanka yana tambayarsa me ya sa aka daina jin labarin tafiye-tafiyensa.

"An yi mini ƙarin girma," ya ce. "Yanzu filin gaba ɗaya ne a hannuna."